Da gaske jirgin Voyager zai yi shekara 75 kafin ya iso gida?

Malam, ka tambaya daga Daura ko lissafin da ke cikin shirin Star Trek: Voyager na 1995 ya yi daidai. Lissafin ya yi, injin ne ƙirƙira.

A shirin, an jefa jirgin can nesa cikin sararin samaniya, nisan da haske ke ci a shekara 70,000, aka ce zai yi shekara 75 kafin ya dawo duniya. Raba wannan da 75, za ka samu kusan 930, wato dole ya ninka gudun haske sau 930, ba hutu. Shi kuwa haske kilomita 300,000 yake ci a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin Daura da Katsina kusan kilomita 80 ne, ka ga kafin ka ƙifta ido ya yi wannan tafiyar sau ɗaruruwa.

Ga inda gizo ke saƙa: abu mai nauyi, yayin da yake kusantar gudun haske, makamashin da yake buƙata ƙaruwa yake ba iyaka. Shi ya sa marubutan suka ce injin "warp" naɗe sararin yake yi kamar tabarma. Dabara ce mai kyau, amma ba a taɓa ƙera shi ba.

Kumbon gaske, Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, kilomita 17 kacal yake yi a daƙiƙa. Nisan tauraro mafi kusa da rana ma sai ya ci masa fiye da shekara 70,000.