Firinta mai aiki uku da Ubuntu: ka gwada kafin ka biya

Tambaya: Ina da shagon fotokofi da buga takardu kusa da wata kwaleji. Kwamfutata ba ta ɗaukar Windows 11, ga kuma bairos na filashin kwastomomi ya ishe ni. An ce in sa Ubuntu, wato tsarin kwamfuta na Linux, a madadin Windows. Ina shirin sayen firinta mai leza wadda ke bugawa, ta yi kofi, ta yi sikanin. Za su jitu?

Amsa: Za su jitu, Malam, in ka zaɓi na'urar da ido buɗe. Shawarar ma tana kan hanya, tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma bairos ɗin Windows ba ya tashi a Ubuntu.

Kofi ba ruwansa da kwamfuta. Bugawa kuwa, duba kwalin na'urar: in ka ga AirPrint ko IPP Everywhere, Ubuntu zai gane ta da kansa ba sai an sa direba ba.

Sikana ce ke ba mutane ciwon kai. Tsofaffin HP 'yan gwanjo irin LaserJet M1132 ba su da wancan tsarin. Sai ka sa HPLIP, wato manhajar direbobin HP ta Linux, ka buɗe Terminal, wurin rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta hp-plugin, ya sauko da wani ƙarin direba daga intanet. Ba ka yi haka ba, sai ka tura aiki ta yi gum. Brother kuma direban bugawa daban, na sikana daban, shi ya sa za ka ji wani yana cewa tana bugawa amma ta ƙi sikanin: ɗaya ya sa ya manta ɗaya.

Don haka ka tafi shagon mai sayarwa da laftof da Ubuntu a kai. Ka buga shafin gwaji, ka buɗe manhajar sikanin ta Document Scanner ka ɗora takarda a gilashi, sannan ka zuba biyar ta sama in tana jan takarda. Mai sayarwar da ya hana ka gwadawa, ka bar masa kayansa.

Lissafin tona fa? Katirijin 85A, wanda M1132 ke amfani da shi, an rubuta yana buga wajen shafi 1,600, amma a ma'aunin da tona ke rufe kashi 5 cikin 100 na takarda. Satifiket mai tambari da hoton fasfo ya fi haka ci nesa ba kusa ba. Mu da shafi 1,000 za mu raba kuɗin, sai mu ɗora takarda da man janareta kafin mu yanka farashi. Kada kuma ka jona ta a ƙaramin UPS, domin abin da ke gasa tona a takarda yana fizgar wuta sosai idan zai yi zafi.

Abu ɗaya zai iya ɓata shirin: CorelDRAW, manhajar zane, ba shi da na Ubuntu. In katin biki da kalanda ne ke kawo maka kuɗi, ka ajiye kwamfuta ɗaya a Windows. Takardun Word kuwa manhajar LibreOffice na buɗe su a Ubuntu, sai dai layuka kan goce. Ka sa salon rubutun Carlito a madadin Calibri na Word, ka saita takarda a A4, ɗalibai masu furojet kuma ka ce su zo da PDF.