Tambaya da Amsa: Ɗana Ya Shiga Ajin Koyon Fim, In Bar Shi ko In Hana Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce a unguwar Nima, nan Accra. Ɗana mai shekara goma sha shida, wanda yake aji biyu a babbar sakandare, ya shiga wani aji da wasu samarin unguwa suka buɗe, inda suke koya wa yara shirya fim da wayar salula kowace Asabar. Mahaifinsa ya ce shashanci ne, domin a ganinsa babu komai a fim sai rawa da waƙa. Ni kuwa na lura yaron ya rage yawon banza tun da ya fara zuwa. Mene ne shawararka? Daga wata uwa, Nima.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Shawarata ita ce a bar shi, amma bisa sharaɗi, kuma kafin in faɗi sharaɗin ya kamata a yi wa maigida adalci, domin abin da yake gani a talabijin shi ne jarumai, alhali kafin jarumi ya tsaya gaban kyamara an riga an sha aiki mai yawa. Kafin a kunna kyamara, sai wani ya zauna ya rubuta labari ya raba shi fitowa-fitowa, wani ya tsara ranaku da wuraren ɗauka, wani ya yi lissafin kuɗin mota da na abinci, wani kuma ya je ya nemi izinin masu gidan da za a yi aiki a ƙofarsu. Masu sana'ar suna ƙiyasta cewa shafi ɗaya na rubutaccen labari yana ba da kusan minti ɗaya a allo, saboda haka yaron da yake son fim na minti biyar dole ya cika shafi biyar da hannunsa, ya kuma jure a ce masa bai yi ba, ya sake.

Na taɓa tsayawa ina kallon wasu yara a wani lungu na Mamobi suna ƙoƙarin ɗaukar wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai. Sun iso da zumuɗi, babu sallama, suka ɗaga waya a fuskarta, ita kuwa ta juya musu baya ta ci gaba da tsame ƙosanta daga mai. Malaminsu bai ce musu uffan ba. Washegari suka dawo, suka durƙusa suka gaishe ta, suka sayi koko, suka bayyana mata abin da suke so, sai ga shi ta ba su labarin yadda kakarta ta iso ƙasar nan tare da ayarin fataken goro. Suna tsakiyar ɗauka aka kira sallar la'asar, lasifikar masallaci ta rufe muryarta, dole suka dakata, suka je suka yi salla, suka dawo suka fara daga farko. A kwana biyu kacal an koya musu gaisuwa da haƙuri da sauraron manya, abubuwan da iyaye muke shekara muna faɗa ba a ji.

Inda tarbiyyar ta fi ƙarfi, a ganina, shi ne wajen tacewa. Yaro zai ɗauko hoton awa guda, a ce masa minti uku kawai ake so, sai ya zubar da abin da ya sha wahala a kansa saboda bai ƙara wa labarin komai ba. Daga nan a haska aikin a gaban abokansa su faɗi aibinsa, shi kuma ya saurara ba tare da ya yi fushi ba. Na san manya masu furfura da har yau ba su iya wannan ba.

Sana'ar kuma tana da tarihi da makaranta a ƙasar nan. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya fim na Gold Coast, wato Ghana ta yau, a 1948, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa hukumar masana'antar fim ta ƙasa a 1964, sannan a 1978 aka buɗe cibiyar koyar da aikin fim da talabijin, wato NAFTI, a Accra, wadda yanzu take ƙarƙashin jami'ar UniMAC. Wannan shi ne abin da ya kamata a nuna wa yaron da mahaifinsa tare, domin ɗalibin da ya fito daga sakandare ba ya shiga karatun digiri a can sai da kyakkyawan sakamakon WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare. Idan da gaske yake son aikin, to hanyar ta bi ta cikin littattafansa ne.

Sharaɗin kuwa, Hajiya, shi ne maigida ya taka da ƙafarsa ya je ajin wata Asabar ba tare da sanarwa ba. Ya ga su wane ne malaman, ya tambayi limamin unguwa ko sarkin zango ko an san su, ya tabbatar ana tashi kafin magariba, kuma idan akwai 'yan mata a ajin, akwai mace babba da take zama tare da su. Ya tambaya ko ana neman yardar iyaye kafin a sa hoton yaro a Facebook ko TikTok, domin abin da ya hau intanet da wuya ya sauko. Sannan ku ba yaron wata uku ya kawo muku kammalallen fim na minti uku a kan wani dattijo na danginku. Idan ya kawo, kun san ana koya masa aiki. Idan kuwa bayan wata uku babu abin nunawa sai hotunan kansa da tabarau, to maigida ya yi gaskiya, a cire shi.

TAMBAYA: Malam, ni matashi ne a Aboabo, Kumasi. Ina son in fara koya wa ƙannena wannan aiki, amma ba ni da kyamara. Me zan fara saya?

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka jira kyamara, wayar da take aljihunka ta isa. Fara sayen ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga, domin mai kallo yana yafe hoto mai dishi-dishi, amma ba ya zama ya kalli abin da ba ya jin maganar cikinsa, balle a gari mai hayaniya irin Kumasi. Bayan shi sai sandar kafa waya don hoto ya daina rawa. Manhajar tacewa akwai ta kyauta, irin su CapCut a waya da DaVinci Resolve a kwamfuta. Ku riƙa ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta tsaye a ka, kuma ranar farko ka hana kowa taɓa waya har sai kowane yaro ya kawo labari ɗaya da ya ji daga bakin kakarsa, a rubuce.