Shin wayata tana sauraren hirarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Makka. Ranar nan ni da ƙanwata muna hira a falo kan sayen manyan akwatuna saboda tafiya gida Kano. Ban rubuta komai a waya ba, amma washegari sai ga tallan akwatuna a Facebook ɗina. Maigidana ya ce wayar ce ke saurarenmu, ni kuma ban yarda ba. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin fi Alhaji kusa da gaskiya, ko da yake shi ma zargin nasa ba daga sama ya faɗo ba.

An gwada wannan magana. A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern ta Amurka sun bi diddigin manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana kunna makirufo a ɓoye tana tura murya ba. Abin da suka kama shi ne wasu ƙalilan na ɗaukar hoton abin da ke kan fuskar waya suna aika wa wasu kamfanoni. Kuma naɗar muryar mutum dare da rana aiki ne mai cin batir da data, da tuni kin gani a jikin wayar.

To ta ina akwatin ya fito? Kamfanonin talla ba sa buƙatar kunne. Sun san kina Makka, sun san harshen da kike rubutu da shi, sun san mutanenki suna Najeriya. Idan lokacin komawar alhazai ne ko ƙarshen Umarar azumi, duk mai sayar da akwati kuɗi yake biya a nuna tallansa ga mutanen garin, domin ya san ana ɗaure tsaraba. Ga kuma ƙanwarki. Idan ita ta duba farashin akwati ko tikitin jirgi bayan hirar, kuma waifai ɗaya kuke hawa, wayoyinku da adireshin intanet ɗaya suke fita, lambarta tana cikin wayarki, wataƙila ma ƙawaye ne ku a Facebook. Na'ura sai ta ɗauka abin da ke ran ɗaya yana ran ɗayar. Kamar mai shagon unguwa ne: bai laɓe muku a ƙofa ba, amma da ya ga ƙanwarki ta sayi igiya da salatif ya san tafiya ta matso.

Sannan talla nawa ya wuce ta gabanki a ranar ba ki kula ba? Wanda ya dace da hirar shi kaɗai ya tsaya miki a rai.

Inda Alhaji yake da hujja shi ne wajen manhajojin da ake yi wa magana da murya su amsa, irin su Siri ta kamfanin Apple, Alexa da Google Assistant. Waɗannan kam kunnensu a buɗe yake, suna jiran kalmar da ake kiransu da ita, wani lokaci kuma su farka bisa kuskure su naɗi abin da ba su aka yi wa ba. A 2019 ta bayyana cewa ma'aikatan kwangila na sauraren wasu daga cikin muryoyin, har Apple ya nemi afuwa. A farkon 2025 ya amince ya biya dala miliyan 95 don sasanta wata ƙara kan Siri, ba tare da ya amsa laifi ba.

Kina iya dubawa da idonki. iPhone tun daga iOS 14 tana nuna ɗigo ruwan lemo a sama idan makirufo na aiki, Android kuma tun daga 12 tana nuna koren alama. Ki shiga saitin waya, wajen izini, ki ga manhajojin da kika bai wa makirufo da wurin da kike. Tocila ko wasan yara ba su da abin yi da muryarki, ki ƙwace izinin. Na wuri kuma ki mayar da shi sai lokacin da kike amfani da manhajar.

Ni abin da ya fi damuna da 'yan'uwanmu a nan ba tallan akwati ba ne. Hoton iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) da fasfo ne da ake ta turawa a guruf na WhatsApp, da mai kiran da zai ce daga banki yake ko daga Absher (manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya), ya nemi lambar sirrin da aka turo ko ya ce a amince da buƙata a Nafath, manhajar gwamnati ta tantance ko wane ne mutum. Banki ba ya neman wannan lamba ta waya. In kin ji haka ki katse kiran, ki kira lambar da ke bayan katinki.