Dusar ƙanƙara a Denver har cikin Mayu?

Malam, ka tambaya ko da gaske dusar ƙanƙara na sauka a Denver ta Amurka har cikin Mayu. Ƙwarai kuwa, ta zuba a Mayun 2019 da na 2022. Garin na gindin tsaunukan Rocky ne, kimanin mita 1,600 sama da teku. Iska mai danshi kan taso daga Tekun Mekziko, ta hau tsaunukan ta huce, sai dusar ta zubo. Ta wannan lokaci jiƙaƙƙiya ce, ga nauyi, itatuwa kuma sun riga sun yi ganye. Sai ka ji reshe ya ɓalle ya faɗa kan wayar lantarki, unguwa ta kwana a duhu. Don Allah ka tafi da rigar sanyi da takalmin da ruwa ba ya shiga.