Amsa ga mai tambayar inda za ta kai ɗanta

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce yaronki ɗan shekara 15 ya daina zuwa makaranta, ba ya barci, yana kulle kansa a ɗaki, dangi kuma sun ce iska ce. Ki ci gaba da addu'a, amma ki kai shi wurin likita cikin makon nan.

In kina Kano, akwai sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma na Dawanau. Gwamnatin tarayya tana da irin wannan asibiti a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin an ce ya haukace. Sau da yawa damuwa ce, kuma tana jin magani.

Kafin ki je, ki rubuta yaushe abin ya fara, yadda yake cin abinci, da ko kin ga kwalbar kodin ko ƙwaya a aljihunsa. Ki bari likita ya gana da shi shi kaɗai, domin akwai abin da ba zai faɗa gabanki ba.

Don Allah kada a ɗaure shi da mari, kada a doke shi. In ya ambaci kashe kansa, ki ɗauke wuƙa da fiya-fiya daga gidan, ku tafi asibiti a ranar.