Amsoshin tambayoyinku: maganaɗisu da ingancin bindigar farauta

Tambaya: Ina da lasisin bindigar farauta. Dillali ya nuna min wata, ya ce ƙarfen bakinta ba ya tsatsa, shaida kuwa maganaɗisu ba ya kama shi. In saya? (Mafarauci daga Bauchi)

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna, shaidar tasa ma ita ce abin tsoro. Ƙarfe marar tsatsa da masana'antu ke ƙera bakin bindiga da shi, mai lamba 410 ko 416, maganaɗisu na kama shi ƙam. Kromiyam ɗinsa, wato sinadarin da ke rage masa tsatsa, wajen kashi 12 zuwa 13 ne cikin ɗari, kuma yana taurara idan aka gasa shi aka tsoma. Wanda maganaɗisu ba ya kamawa shi ne irin 304, na tukwane da cokula. Wuta ba ta taurara shi, kuma idan yana gogar ɗan'uwansa sai ya riƙa ɗayewa yana cijewa. Harsashin bindigar farauta mai lamba 12 kan kai matsin psi 11,500 (psi ma'aunin matsi ne), tayar mota kuwa wajen psi 32 ake ba ta. Bakin da bai jure wannan ba kumbura yake yi ko ya tsage, ga hannunka na hagu a ƙarƙashinsa.

Idan a gangar jikin bindigar ne maganaɗisun bai kama ba, wannan daban. Misali, bindigar farauta ƙirar Mossberg 500 jikinta alminiyam ne, amma makullin harsashi a cikin ƙarfen baki yake datsewa, matsin bai sauka kan alminiyam ba. Wanda za ka guje wa shi ne gamin zinki na bindigogi masu arha: yana da nauyi kamar ƙarfe, sai ya ruɗi mai saye, yana kuma tsagewa a bakin ramukan fil. Duba nan da fitila. Ka nemi hatimin gwaji da lambar masana'anta a gindin bakin. Shi ma 416 yana tsatsa in aka bar shi da gumi da damina, sai da mai.

Tambaya: Da gaske ne bindigar roba na wuce na'urar gano ƙarfe ba a gane ta ba?

Amsa: Jita-jita ce da ta bi ƙaramar bindiga ƙirar Glock tun shekarun 1980. Mariƙinta ne roba, baki da murfin sama ƙarfe ne. Na'urar ma ba ruwanta da ko maganaɗisu na kama ƙarfe ko a'a, duk ƙarfen da lantarki ke bi tana jin sa, har alminiyam da tagullar kwanson harsashi. Amurka ta haramta bindigar da na'ura ba ta gani tun 1988.