Amsa ga mai tambaya kan Judas Priest da maganar rufe dare a Download

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce ba ka gane dalilin da ƙungiyar kiɗan heavy metal irin Judas Priest, wadda aka kafa a Birmingham tun 1969, ba ta taɓa rufe dare (wato zama babbar ƙungiyar da ke yin wasan ƙarshe) a Download, babban bikin kiɗan rock da ake yi a Donington, ba, alhali Iron Maiden da ta zo bayanta ta rufe sau da dama. Ka tambaya ko raini ne, ko kuwa tikitinsu ne ba ya tafiya. Ka kuma ce kai sabon zuwa ne Ingila, kana neman shawarar inda ya kamata ka sa kuɗinka in kana son ganinsu.

Ni karatu ya kawo ni yankin nan na Midlands, aiki ya riƙe ni, kuma na ga Priest sau uku a wurare uku da ba su yi kama da juna ba. Abin da zan faɗa maka daga nan na samo shi.

Na farko shi ne Download na 2015, ranar Juma'a, a Donington. Priest ne na biyu daga sama a fosta, Slipknot suka rufe. Lokacin ni ma raina ya ɓaci kamar naka. Na ce ta yaya mutanen da suka hau dandamalin Donington tun bikin Monsters of Rock na farko a 1980, lokacin da 'yan Slipknot suna yara ƙanana, za a ce su yi nasu su sauka su ba wasu wuri? Ruwa ake yi, takalmina ya cika da taɓo, na tsaya daga gefen dama kusa da hasumiyar masu sarrafa sauti. Priest suka yi wasa mai kyau, mawaƙinsu Rob Halford ya shigo a kan babur ɗinsa kamar yadda ya saba, mu da ke gaba muka yi ta ihu. To amma da suka sauka sai na waiwaya baya, na ga abin da ya ba ni amsa. Mutane ne suke gangarowa daga wajen tantuna da rumfunan abinci da ƙaramin dandamali, samari da 'yan mata, wasu da abin rufe fuska irin na Slipknot, har filin da na ɗauka ya cika ya ƙara cika ya batse. Waɗannan ba su ƙi Priest ba. Kawai ba don su suka sayi tikiti ba.

Mai shirya biki wannan yake lissafawa. Ba tarihi yake saye ba, ba kuma yabo yake rabawa ba. Download biki ne na mutum dubu tamanin zuwa sama, a 2023 ma da aka yi kwana huɗu, Metallica suka rufe dare biyu, an kai mutum wajen 100,000. Wanda aka ba rufe dare shi ake biya kuɗi mafi tsoka, a ba shi awa ɗaya da rabi ko biyu, a bar masa dandamali ya kafa wutarsa da kayansa, kuma galibi a sa masa sharaɗin kada ya yi wani wasa a kusa a 'yan watannin. A madadin haka ana so sunansa kaɗai ya sa mutumin da ba ya zuwa biki kullum ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya sayi tanti, ya biya ɗaruruwan fam. Mu 'yan gani-kashe-ni za mu je ko wa aka rubuta. Wancan mutumin ake nema. Har girman haruffan suna a fosta da wanda zai zo sama da wani, duk sai an yi ciniki an rubuta a yarjejeniya.

Sai mu duba adadi. A Maris 2024 Priest sun zagaya manyan zaurukan Birtaniya, Glasgow, Leeds, Birmingham, Wembley Arena mai cin mutum wajen 12,500, kuma ba su kaɗai ba, da Saxon da Uriah Heep. A Yuli 2025 sun yi O2 na Landan mai cin wajen 20,000, amma kafaɗa da kafaɗa da Alice Cooper. A watan Yuni na 2025 Iron Maiden suka cika London Stadium da mutum sama da 70,000 a dare ɗaya. Saboda haka in ka ce tikitin Priest ba ya tafiya, ba ka yi musu adalci ba, domin ƙungiyoyi nawa ne masu shekara hamsin da ɗoriya za su tara dubu goma a tsakiyar mako? Tikitinsu na tafiya, amma na zaure ne. Na Maiden na filin ƙwallo ne. Download kuwa na filin ƙwallo take nema.

Inda na fi son ka tsaya ka yi tunani shi ne yadda tazarar nan ta samu, don ba daga kiɗa ta zo ba. A shekarun 1980 Priest suka mayar da hankali kan Amurka, can kasuwarsu ta fi ci. Ko a wasan tara agaji na Live Aid na 1985, a Philadelphia suka yi wasa, ba a Wembley ba. Maiden kuwa ba su saki gida ba, su suka rufe Donington a 1988 gaban mutum 107,000, suka sake rufewa a 1992. Daga nan duka biyun suka rasa mawaƙansu. Halford ya bar Priest a 1992, Bruce Dickinson ya bar Maiden a 1993, kuma kowaccensu ta koma ƙananan zauruka. Bambancin shi ne Dickinson ya dawo a 1999, Halford sai 2003. Shekara huɗun nan ba ƙananan ba ne. A cikinsu Maiden suka rufe dare a Rock in Rio a 2001, kuma da aka buɗe Download a 2003 suna tsaye da ƙafarsu, aka ba su. Suka sake a 2007, 2013, 2016 da 2022. Suka ɗauki jirgin sama, Dickinson da kansa yana tuƙi, suka je Indiya da Kudancin Amurka, suka tara sabbin yara. Ga kuma Eddie, dodon nan nasu da ke jikin riguna. Yaron da bai taɓa jin waƙarsu ba ya san hoton. Priest ba su da irin wannan.

Sannan ga jarrabawa da ta yi ta bin Priest. Mai jitarsu K.K. Downing ya tafi a 2011, a shekarar da suka yi zagayen da aka ɗauka na bankwana ne, kuma mai shirya biki ba ya son gina shirinsa kan wanda ya ce zai ajiye. A 2018 aka sanar ɗaya mai jitar, Glenn Tipton, na fama da cutar Parkinson, ya daina bin zagaye, sai fitowa jefi-jefi. A 2021 babbar jijiyar zuciyar Richie Faulkner, wanda ya maye gurbin Downing, ta tsage yana kan dandamali a Louisville, Allah ya yi da sauran kwana. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: an ɗaura su a zagayen Ozzy Osbourne na Turai tun 2019 a matsayin manyan baƙi, aka yi ta ɗagawa har aka soke a 2023. Shekarun da ya kamata su gina nasu a gida, daidai lokacin da kundinsu na 2018 ya karɓu, a jira suka ƙare. Kundin 2024 ya kai na biyu a jadawalin Birtaniya, matsayin da ba su taɓa kaiwa ba, amma sayen kundi daban, sayen tikitin kwana uku daban.

Wani a nan ya kawo maganar bikin Wacken, cewa ai can sun sha zama kan gaba kuma tikiti ya ƙare. Gaskiya ne sun zama, amma kada a auna da Wacken. Ƙauye ne a arewacin Jamus, tikitinsa 85,000 kan ƙare cikin sa'o'i ko kwanaki, tun ba a gama faɗin waɗanda za su zo ba. Na 2024 ya ƙare cikin awa huɗu da rabi, kuma bayan shekarar da taɓo ya hana dubban mutane shiga. Can bikin ne ke sayar da kansa, shi ya sa suke iya ba tsofaffi girmansu ba tare da fargabar asara ba. Haka nan in ka ga an rubuta tikiti ya ƙare, fara tambayar mutum nawa wurin ke ci. Na taɓa zuwa wasan wata ƙungiya, ba Priest ba, aka ja baƙin labule aka rufe kujerun sama kaf, aka sauko da mu ƙasa, washegari na ga ana cewa zaure ya cika.

Yanzu maganar inda za ka sa kuɗinka. Gani na biyu da na yi musu shi ne Bloodstock a Agusta 2021, a Catton Park da ke Derbyshire, bayan kullen korona. Biki ne na mutum wajen 20,000, kuma su suka rufe daren Lahadi. Wallahi ba a haɗa shi da 2015. Babu mai jiran wani, kowa don su ya tsaya. A gefena akwai wani dattijo mai furfura, rigarsa ta jins mara hannu duk ta sha faci da tambarin ƙungiyoyi har ba a ganin yadin, ya zo da ɗansa da jikansa. Da Tipton ya fito a ƙarshe da jitarsa, yana tafiya a hankali, sai dattijon nan ya cire tabarau yana share ido da bayan hannu, bai ce komai ba. Ni ma ban iya ihu ba a lokacin. Na uku shi ne Birmingham a 2024, garinsu, a zaune, sauti tas, babu ruwa babu taɓo, na ji kowace waya ta jita.

Don haka in Priest kake so, kada ka jira ganin sunansu a saman fostar Download, kuma kada ka sayi tikitin kwana uku don wasan awa ɗaya. Ka sa ido kan zagayensu na zaure ko Bloodstock. Ka yi rajistar sanarwa a shafinsu don ka samu sayen farko, ka saya daga wurin da aka amince, kada ka bi masu sayarwa a bayan fage da ninkin kuɗi. In Birmingham ce, jirgin ƙasa daga New Street zuwa tashar International, kusa da zauren da na gan su a 2024, minti goma ne zuwa sha biyar, amma ka duba na ƙarshe mai komawa garinku tun kafin ka fito, ka kuma tafi da abin toshe kunne. An haifi Halford a 1951, Ian Hill mai jitar bas ma tsararsa ne, shi ya sa nake cewa zagaye na gaba da aka sanar ka saya. In ka tashi zuwa ka yi min magana, ina da mota, sai mu tafi tare.